Dutsen da ke Cikin Hula: Duba, Camfi da Mu'ujiza a Addinin Mormon

A ranar 4 ga Agusta, 2015, a birnin Salt Lake da ke jihar Utah ta Amurka, hukumomin cocin da duniya ta fi sani da sunan Mormon suka tara 'yan jarida suka nuna musu hoton wani dutse. Girmansa bai wuce na ƙwan kaza ba. Ruwan ƙasa ne mai duhu, da wasu layuka masu haske da suka zagaye shi kamar jijiyar katako, a gefensa kuma ga wata 'yar jakar fata da ta sha jiki. Da a bakin rafi ka gan shi, ba lalle ka sunkuya ka ɗauka ba. Amma cocin ya amsa da bakinsa cewa Joseph Smith, mutumin da mabiya sama da miliyan 17 suke ɗauka annabi, ya yi aiki da wannan dutse wajen fito da Littafin Mormon, littafin da mabiyansa ke ɗauka mai tsarki. Yakan jefa shi cikin hularsa, ya cusa fuskarsa a ciki don ya tare haske, sannan ya riƙa faɗo magana ana rubutawa.

Masana tarihi sun daɗe da sanin wannan. Talakan coci ne bai sani ba. Mutumin da ya tashi tun yana yaro yana ganin zanen Joseph Smith zaune a gaban tebur, ga allunan zinariyar da ya ce daga cikinsu ya fassara littafin a buɗe, yana bin rubutu da yatsa kamar ɗalibi a gaban allo, ranar nan sai aka ce masa ai allunan ma sau da yawa a lulluɓe suke da mayafi, wani lokaci ba sa ɗakin gaba ɗaya, kuma fuskar annabin nasa tana cikin hula. Gani ya kori ji. Wasu suka ce ba komai, wasu kuwa imaninsu ya girgiza har ƙasa.

Tun daga sunan dutsen rigimar take farawa, kuma Hausa ta fi Turanci fito da ita fili. In ka ce "dutsen duba", ka riga ka yanke hukunci, don kowa ya san wane ne mai duba. In ka ce "dutsen gani", ka jingina shi da maigani, sunan da Tsohon Alkawari ya ce da shi ake kiran annabi a zamanin Sama'ila. Maƙwabtan Joseph Smith da ba sa ƙaunarsa suna kiransa dutsen leƙe, mabiyansa suna kiransa dutsen maigani. Dutsen dai ɗaya ne, hular ma ɗaya ce. Abin da nake so mu bi a hankali shi ne yadda abu guda ya tashi daga kayan aikin masu haƙar dukiya ya koma kayan wahayi, daga nan ya zama abin kunya da aka tura ɗakin ajiya, da kuma wanda yake riƙe da alƙalamin da ke raba camfi da mu'ujiza a kowane mataki.

An haifi Joseph Smith a ranar 23 ga Disamba, 1805, a jihar Vermont, a gidan manoma da talauci ya yi wa katutu. Shekara uku a jere amfanin gona yana lalace musu, ta ƙarshe ita ce 1816, shekarar da sanyi ya hana bazara zuwa saboda tokar dutsen Tambora da ya yi aman wuta a Indonesiya. Suka tattara suka koma Palmyra a yammacin jihar New York. Yankin a lokacin yana tafasa da wa'azi. Masu bishara na ɗariƙu daban-daban suna ta zagaye, ana taron farkawa a daji, mutane suna faɗuwa suna kuka, kowa yana cewa nasa ne daidai. A gefe guda kuma, waɗannan mutanen masu zuwa coci ran Lahadi su ne suke fita da dare da shebur suna neman tukwanen zinariya da aka ce Sifaniyawa ko 'yan fashin teku sun binne. Ba sabon abu ba ne. Tun 1729 Benjamin Franklin ya yi rubutu yana kokawa da yadda leburorin Philadelphia suke ɓata ƙarfinsu a ramukan banza. Duba cikin dutse ko gilashi kuwa daga Turai suka zo da shi. A Ingila, John Dee, masanin lissafi kuma mai ba Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya shawara, ya shafe shekaru yana neman magana da mala'iku ta wannan hanya.

Aikin haƙar yana da ƙa'idojinsa. Maigani zai leƙa dutsensa ya nuna wurin. A zana da'ira a ƙasa, a kafa sanduna, a yi haƙa cikin dare ba tare da kowa ya ce uffan ba, domin an yi imani akwai ruhun da ke gadin dukiyar. In aka haƙa ba a samu komai ba, bayani a shirye yake: wani ya yi magana, ko an kuskure wani sharaɗi, sai dukiyar ta sulale ta ƙara nutsewa ƙasa. Duk wanda ya taɓa jin labarin irin wannan sana'a a ko'ina cikin duniya zai gane salon. Laifin kullum na mai haƙa ne, idon maigani ba ya kuskure.

A irin wannan gari ne saurayi Joseph ya yi suna. Maƙwabcinsu Willard Chase ya ba da shaida daga baya cewa a 1822, suna haƙar rijiya a filinsu, aka tono wani dutse mai ban sha'awa, Joseph ya sa shi a hula ya ce yana ganin abubuwa a ciki. 'Yar'uwar Chase ɗin ma tana da nata koren dutsen da mutane ke zuwa ta duba musu kayan da suka ɓata. A ƙarshen 1825 wani manomi mai hali, Josiah Stowell, ya ɗauki Joseph da mahaifinsa aiki su nemo masa wata ma'adinar azurfa ta Sifaniyawa kusa da Harmony, a jihar Pennsylvania. Iyalin Smith a lokacin suna fafutukar biyan kashin ƙarshe na kuɗin gonarsu, kuma a watan Disamban shekarar gonar ta kuɓuce musu. Wannan ya kamata a riƙe shi, don yunwa tana cikin labarin tun daga tushe. Ba a samu azurfa ba. Abin da Joseph ya samu a tafiyar shi ne Emma Hale, 'yar mai gidan da suka sauka, wadda ya aura a Janairun 1827 ba da son mahaifinta ba.

A watan Maris na 1826 wani ɗan'uwan iyalin Stowell ya kai ƙara, aka gurfanar da Joseph gaban wani ƙaramin alƙali mai suna Albert Neely a South Bainbridge. Dokar jihar ta lokacin ta sa masu da'awar faɗin gaibu ko gano kayan da suka ɓata cikin jerin masu tada zaune tsaye. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a shari'ar shi ne wanda aka ce an cuta, wato Stowell, shi ne ya tashi ya kare Joseph, ya ce shi ya yarda yaron yana gani. Har yau masana ba su daidaita kan yadda zaman ya ƙare ba. Shekaru da yawa ma masu kare cocin suna shakkar an yi zaman. Wani babban malaminsu, Hugh Nibley, ya rubuta a 1961 cewa in takardar kotun ta tabbata, to babu hujjar da ta fi ta illa ga Joseph Smith. Bayan shekara goma, a 1971, wani fasto mai bincike, Wesley Walters, ya tono takardar kuɗin aikin alƙali Neely a ƙarƙashin ginin gidan yarin Norwich. Ga sunan Joseph Smith, an rubuta masa laƙabin mai duba a gilashi, kuɗin zama dala 2 da santi 68.

Shi kansa Joseph bai musa haƙar ba. A 1838, da yake amsa tambayoyin da ake yawan jifansa da su, ya ce e, ya yi, amma sana'ar ba ta da riba, dala 14 kawai yake samu a wata.

Yanzu ga inda zaren biyu suka sarƙe. A cikin waɗannan shekarun dai, inji Joseph, wani mala'ika mai suna Moroni ya zo masa a daren 21 ga Satumba, 1823, ya nuna masa allunan zinariya da aka binne a wani tudu kusa da gidansu, ɗauke da tarihin wasu mutanen dā na nahiyar Amurka. Sai bayan shekara huɗu, ranar 22 ga Satumba, 1827, aka yarje masa ya ɗauka. Tare da allunan, ya ce, akwai wasu duwatsu biyu masu haske da aka ɗaura a firam kamar tabarau, don fassara. Tsoffin abokan haƙarsa ba su ɗauki maganar wasa ba. Sun yi ta farautar allunan, suna ganin ai tare aka yi wahala, dole a raba da su. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa a idon mutanen garin, labarin allunan ci gaban labarin haƙa ne.

Shafuka 116 na farko, waɗanda manomi Martin Harris ya rubuta, sun ɓace a hannunsa a 1828. Sauran littafin kusan duka an yi shi ne tsakanin Afrilu da Yuni na 1829, wani malamin makaranta mai suna Oliver Cowdery yana rubutawa. Waɗanda suka zauna a ɗakin sun bar bayani. Emma ta gaya wa ɗanta a 1879 cewa mijinta yakan zauna fuskarsa a binne cikin hula, dutsen yana ciki, yana shifta sa'a bayan sa'a, babu littafi ko takarda a gabansa. Ta ce allunan sukan kasance a kan tebur a naɗe cikin ƙyalle, ta taɓa shafa su ta ji gefensu yana ƙara irin ta ƙarfe, amma ba ta buɗe ba. David Whitmer, wanda a gidan mahaifinsa aka kammala aikin, ya rubuta a 1887 cewa a cikin duhun hular wani abu kamar fatar rubutu yakan bayyana, da harafin asali a sama da fassararsa a ƙasa. Surukin Joseph, Isaac Hale, mahaifin Emma, wanda bai taɓa yarda da shi ba, ya yi rantsuwa a 1834 cewa yadda yake karanta allunan daidai yake da yadda yake duba wa masu haƙa: dutse a hula, hula a fuska, allunan kuwa suna ɓoye a daji.

A lura da wannan da kyau. Matar da ta yi imani da surukin da ya ƙi, abu ɗaya suka gani. Ba su saɓa a kan abin da ya faru ba, a kan ma'anarsa suka rabu. Ga Hale, hular ita ce shaidar damfara. Ga Emma, hular ita ce shaidar mu'ujiza, domin ta ce mutumin da ba ya iya tsara wasiƙa mai kyau ba zai iya zubo littafi irin wannan daga ka ba, ya tashi ya ci abinci ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya ba tare da an karanta masa ba. Littafin da ya fito a Maris na 1830 ya kusa shafi 600, Martin Harris ya jinginar da gonarsa kan dala 3,000 aka buga kwafi 5,000. A cikinsa ma akwai wuraren da ake maganar dukiyar da ke sulalewa cikin ƙasa saboda la'ana. Mai suka zai ce ga sawun masu haƙa nan ɓaro-ɓaro, mai imani zai ce abin da ya faru a dā ne aka faɗa.

Ni ban yarda da annabcin Joseph Smith ba, kuma ba zan yi kamar ina tsakiya ba. Amma ina ganin kuskure ne mutum ya tsaya a kan hular yana dariya, yana zaton ya gama magana. Wanda ya riga ya yarda mala'ika ya sauko da allunan zinariya, don me dutse zai gagare shi haɗiya? Masu kare cocin suna da abin faɗa daga Littafi Mai Tsarki: sandar Musa da ta Haruna, Urim da Tummin da babban firist yake sawa a ƙirji, ƙoƙon azurfa na Yusufu a Masar, ƙuri'ar da manzanni suka jefa don cike gurbin Yahuza, da farin dutsen da aka ambata a Wahayin Yahaya. Masu suka su ma suna da tasu ayar, a Maimaitawar Shari'a sura 18, inda aka haramta duba da sihiri ƙarara. Tambayar da ta fi nauyi, a ganina, ita ce ta sakamako. Dutsen nan an gwada shi shekaru a kan abin da ake iya tabbatarwa, wato dukiya a ƙasa, bai taɓa fito da ko tsaba ɗaya ba. Sai da aka juya shi ga abin da ba mai iya bincikawa, rubutun da ba wanda ya iya karantawa a kan allunan da aka ce mala'ika ya karɓe, sannan ya fara "aiki". Wannan ita ce matsalar da hoton 2015 bai warware ba. Malamin tarihi Richard Bushman, wanda shi kansa ɗan cocin ne, yana ganin shekarun duban share fage ne, Allah ya sami yaron a inda yake ya ɗaga shi. Amsa ce ta mai imani, kuma ya faɗe ta ba tare da ya ɓoye komai ba, na ba shi wannan.

Malaman Musulunci sun daɗe da raba abubuwan da suka saɓa wa al'ada kashi-kashi: mu'ujiza ga annabi, karama ga waliyyi, istidraji ga wanda ake yi wa talala, sihiri ga mai sihiri. Mai karatu ya san cewa a wannan rabon, ba siffar abin da ya faru ake dubawa kawai ba, ana duba wane ne ya yi, me yake da'awa, yaya rayuwarsa take. Mormon ma sun ci karo da wannan buƙata, kuma da wuri ƙwarai.

An kafa cocin ranar 6 ga Afrilu, 1830. Kafin wata shida, wani daga cikin mabiyan farko, Hiram Page, wanda yana cikin mutum takwas da suka sa hannu cewa sun ga allunan, ya fito da nasa dutsen. Shi ma yana leƙawa, shi ma yana samun saƙo, har ya tara takardu, kuma manyan mutane irin su Oliver Cowdery da iyalin Whitmer suka gaskata shi. To me zai hana? Hanyarsa ita ce hanyar annabin, ba ƙari ba ragi. Sai Joseph ya zo da wahayi a watan Satumba, wanda yanzu shi ne sashe na 28 a littafinsu na Koyarwa da Alkawura, yana cewa ba wanda aka naɗa ya karɓi umarni domin coci sai shi, kuma abin da Page ya rubuta daga dutsen Shaiɗan ne ya yaudare shi. Page ya sauka, taro ya amince. A nan aka ja layin, kuma ba a ce dutse haramun ne ba. An ce dutsen wane ne ke da iko. Duk tarihin da ya biyo baya yana cikin wannan hukunci: abin al'ajabin da ya bi ta hannun shugabanci baiwa ce, wanda ya bi ta gefe ruɗi ne.

Daga nan sai aka shiga gyaran harshe. A wahayin da aka buga a 1833, an yaba wa Oliver Cowdery da baiwar aiki da sanda, irin sandar da masu neman ruwa da ma'adinai suke riƙewa. A bugun 1835 maganar sanda ta ɓace, ta koma "baiwar Haruna". Sunan Urim da Tummin, wanda W. W. Phelps, wani daga cikin mabiyan farko, ya fara liƙa wa tabaraun a rubuce a 1833, ya zama laima da ta rufe tabarau da dutse gaba ɗaya, ta yadda mai karatu na baya zai ji sunan Littafi Mai Tsarki, ba zai taɓa kawo dutsen rijiyar Chase a ransa ba. Joseph da kansa ya riƙa taƙaita bayani da cewa ya yi fassarar ne da baiwa da ikon Allah. Da yayansa Hyrum ya nemi ya yi wa taro bayani dalla-dalla a 1831, ya ce ba a nufi a gaya wa duniya komai ba. Kuma tun kusan 1830 ya daina dogara da dutsen, wahayinsa ya koma zuwa kai tsaye.

Ƙarni na 20 ya ƙarasa aikin. Mormon sun bar auren mata da yawa, Utah ta zama jiha a 1896, jikokin masu haƙar dare suka zama lauyoyi da likitoci da 'yan majalisa. Mutumin da ke son maƙwabcinsa ya ɗauke shi Kirista mai hankali ba ya son a tuna masa da hula. Joseph Fielding Smith, wanda ya daɗe yana riƙe da ofishin tarihin cocin kafin ya zama shugabansa, ya rubuta cewa bai yarda an yi fassarar da dutsen ba, ya kira bayanan jita-jita. Gaskiya ne ba a shafe labarin ƙaƙaf ba. Ya ɗan leƙo a mujallun cocin jefi-jefi, har Russell Nelson, wanda daga baya ya zama shugaban cocin, ya kawo maganar Whitmer a wata maƙala a 1993. Amma abin da ake koya wa yara da sababbin shiga, da zanen da ke rataye a bango, wani abu ne dabam.

Ɓoyon ya jawo musu tsada. A farkon shekarun 1980 wani dillalin tsoffin takardu, Mark Hofmann, ya gane cewa akwai tsoro a wurin, ya mai da tsoron kasuwa. Ya ƙirƙiro wasiƙar jabu da sunan Martin Harris, wadda a ciki aka ce wata farar halitta mai kama da ƙadangare ce ta rikiɗa ta zama ruhu mai gadin allunan. Wani ɗan kasuwa ya saye ta dala 40,000 ya ba coci kyauta. Masana suka gaskata, shugabanni suka shiga neman yadda za su fassara ta. Da asirinsa ya kusa tonuwa, Hofmann ya dasa bama-bamai a Oktoban 1985 ya kashe mutum biyu, na uku ya tashi da shi kansa ya ji rauni. Wasiƙar ƙarya ce, amma ta samu shiga ne don ta yi kama da gaskiyar da aka daɗe ana kauda kai daga gare ta. Bayan shekara biyu masanin tarihi D. Michael Quinn ya fitar da babban bincike kan sihirin gargajiya a farkon Mormon, da hujjoji na gaske. A 1993 aka kore shi daga cocin, cikin wasu masana shida da aka ladabtar a wata guda. Yawancin abin da ya faɗa game da duwatsun, cocin ya zo ya faɗa da bakinsa a wata maƙala a 2013, lokacin da intanet ta riga ta kai labarin kowane ɗaki.

Wannan ne ya fi ci mini rai. Mutumin da ya ba da shekara biyu na ƙuruciyarsa yana yawon bishara, yana ba da zakkar kashi ɗaya cikin goma na abin da yake samu, in wani ya ce masa annabinku da hula ya yi fassara sai ya ce ƙaryar maƙiya ce, wannan mutum yana da haƙƙin ya ji an ci amanarsa. Da yawa daga waɗanda suka fita suna cewa dutsen bai dame su kamar yadda ɓoye shi ya dame su ba. Bayan an fito da hoton, wani babban shugabansu, Dieter Uchtdorf, ya kwatanta dutsen da wayar hannu a wani rubutu a Facebook a 2016: in ɗan'adam zai iya ƙera abin da ke kawo saƙo a tafin hannu, me zai gagari Allah? Kwatancen ya kwantar wa wasu da hankali. Sai dai bai taɓa tambayar da masu ciwon suke yi ba, wato me ya sa sai yanzu.

Ba a dutse kaɗai ake ganin wannan tafiya ba. Labarin tsuntsayen 1848 kowane yaro a Utah ya san shi. Shekara guda da isowar Mormon kwarin Salt Lake, wasu baƙaƙen ƙwari dangin fara, marasa tashi, suka sauko wa gonakinsu. Ana cikin kuka sai ga garken fararen tsuntsayen bakin ruwa, suna ci suna amayarwa suna komawa ci. An gina wa tsuntsun hasumiya a 1913, shi ne kuma tsuntsun jihar. Da masana suka koma kan rubuce-rubucen mutanen lokacin, sai suka tarar tsuntsayen sun zo da gaske kuma sun taimaka, amma mazaunan tsibiran tafkin ne da ke cin ƙwarin a kai a kai, amayar da ɓawon da ba ya narkewa ɗabi'arsu ce, kuma duk da haka an yi asara an sha yunwa a hunturun da ya biyo. Haka labarin ranar 8 ga Agusta, 1844, bayan an kashe Joseph a gidan yarin Carthage, da aka ce Brigham Young, wanda ya gaje shi a shugabancin cocin, ya tashi magana sai murya da kamanninsa suka koma na Joseph. Shaidun sun fi yawa ne shekaru bayan abin, har da na waɗanda ba sa garin a ranar. Ba na jin mutanen nan ƙarya suka shirya. Wanda ya ga gonarsa tana ƙarewa sannan ya ga tsuntsaye sun sauko, godiyarsa ta gaskiya ce. Amma a lura da waɗanda aka ɗaukaka: mu'ujizar da ke tabbatar da jama'a da shugabancinta ita ake gina wa hasumiya.

Waɗanda ba su dace da tsari ba kuwa a hankali aka janye su. A buɗe haikalin Kirtland a 1836 mutane sun yi magana da baƙin harsuna, wasu sun ce sun ga mala'iku. Yau in aka ce baiwar harsuna a cocin, galibi ana nufin saurin da ɗan bishara yake koyon yaren ƙasar da aka tura shi. Matan Mormon sun yi kusan shekara ɗari suna ɗora hannu a kan marasa lafiya suna shafa musu mai, har wata wasiƙa ta 1946 ta ce a bar wa dattawa maza. Abin da ya rage, kuma yana da rai sosai, shi ne ƙaramar kwalbar man zaitun da aka keɓe, wadda mazajen cocin da yawa suke ratayawa a jikin makullinsu. In yaro ya kwanta da zazzaɓi, uba zai ɗiga masa a ka, ya ɗora hannu ya yi addu'a, sannan a tafi asibiti. Ba wanda yake kiran wannan camfi a cikinsu, domin ta hannun da aka amince da shi ya biyo.

Shi kuwa dutsen, tafiyarsa a rubuce take. Da aka gama littafin Joseph ya ba Oliver Cowdery. Da Cowdery ya rasu a 1850, matarsa ta miƙa shi ga Phineas Young, shi kuma ya kai wa ɗan'uwansa Brigham Young a Utah. Bayan rasuwar Brigham, ɗaya daga matansa, Zina, ta karɓo shi daga kayan gado, daga hannunta ya koma na coci. Allunan zinariya da tabaraun, inji Joseph, mala'ika ya tafi da su. Mutum ukun da suka ce mala'ikan ya nuna musu allunan, wato Cowdery da Whitmer da Harris, duk sun ɓata da Joseph a 1837 da 1838, biyu sun dawo daga baya, kuma babu ɗayansu da ya janye shaidarsa har ya mutu. Daga cikin kayan fassarar dai, dutsen ruwan ƙasan nan ne aka iya ɗora wa kyamara. Sau biyu a shekara, a babban taron cocin, jama'a suna ɗaga hannun dama su amince da shugabanninsu goma sha biyar a matsayin annabawa, masu gani, masu karɓar wahayi. Dutsen yana nan a ajiye a hannun ofishin shugaban cocin, cikin 'yar jakarsa ta fata.